Babur mai ƙarfin doki 40 a garin da aka hana mu hawan mai doki 8

'Yan uwa na Agege, Mile 12, Idi-Araba da sauran unguwannin da muke zaune a Legas.

Kusan wata guda ke nan babu majalisar da za ka zauna, daga teburin mai shayi har bakin masallaci bayan Isha'i, da ba za ka tarar da samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon babur ɗaya ba. Pulsar NS400Z ne na kamfanin Bajaj, wanda aka fitar a Indiya a watan Mayun 2024. Da abin ya tsaya a kallo da musu da ba mu ce uffan ba, don musun babur a wurin ɗan acaɓa kamar musun ƙwallo ne, ba ya ƙarewa kuma ba ya cutar da kowa. Amma yanzu magana ta iso teburin ƙungiya. Ƙannenmu uku sun kawo buƙatar a ba su kuɗi daga asusun adashi, a kuma tsaya musu wurin wani dillali da ya ce zai kawo musu babur ɗin. Kwamiti ya zauna ya ce a'a. Tun daga ranar ake yawo da mu cewa hassada ce, wai ba mu waye ba, wai ba ma son yaro ya hau abin da ya fi namu. Tun da kuɗin na jama'a ne, gara jama'a su ji dalilinmu daga bakinmu.

Mu fara da siffar, tun da ita ce ta fi ɗaukar hankali. Masu yabo suna cewa ka dubi fitilar gaba da 'yan fitilun gefenta masu kama da walƙiya, ka dubi ƙafafun gaba masu ruwan zinariya, ka dubi tankin da ya buɗe kamar ƙirjin ɗan dambe. Masu kushe kuma suna cewa ai tsohuwar amarya ce aka sake wa lalle, wai in ka ɗauke fitilar, NS200 ne da aka sani tun 2012. Mun kalli hotunan mu ma, kuma gaskiya masu kushen ba su yi ƙarya ba. Daga tanki zuwa wutsiya kamannin ba ya ɓuya, kuma mahaya a can Indiya sun faɗi haka tun makon da aka fito da shi. Masu yabon ma ba su yi ƙarya ba, babur ɗin yana da kyau, wanda ya ce ba shi da kyau son zuciya ne.

Sai dai a duk musun nan ba mu ji mutum ɗaya ya tambayi inda fasinja zai zauna ba. Ku sake duba hoton. Kujerar baya 'yar ƙarama ce, a ɗage sama, an yi ta ne don aboki ya ɗofana na minti goma. Ina za ka ɗora Iya mai tumatir da kwandonta? Ina za ka ɗaure buhun albasa daga Mile 12? Doguwar kujerar Boxer da kuke yi wa dariya, shimfiɗaɗɗiya kamar benci, ita ce ta gina ɗakuna a Jigawa da Zamfara da Katsina, ita ta biya sadaki ta biya kuɗin makaranta. Wanda ya zana ta ya san aikin da za ta yi. Wanda ya zana kujerar Pulsar ma ya san nasa aikin, ma'aikacin banki ko ɗalibin jami'a a Pune ko Bangalo yake hange, mai albashi, wanda zai fita ranar Lahadi ya sha iska ya dawo. Kuma duk robobin nan da suka ba shi kwarjini, faɗuwa ɗaya a kwalta ta ishe su. Boxer in ya faɗi sai ka ɗaga shi ka miƙe kansa da gwiwa ka ci gaba da nema.

A kan inji kuwa, za mu ba shi haƙƙinsa cikakke, don kada a ce jahilci ne ya sa muka ƙi. Injin samfurin 2024 mai 373cc ne, fistin ɗaya, ƙarfin doki 40, giya shida, da ruwa yake hucewa ta lagireto kamar mota. Ba shi da kafireto, injekta ne. Totur ɗinsa ma ba waya ce ke ja ba, saƙo yake aikawa ƙwaƙwalwar inji ita ta yanke yawan man da za a zuba. Yana da tsarin tuƙi huɗu da za ka zaɓa, har da na lokacin ruwan sama. Asalin injin daga Dominar 400 ne da Bajaj ta fitar a 2016, shi kuma ya samo tushe daga KTM 390, domin Bajaj na da hannun jari a KTM kuma a masana'antarta ta Chakan ake ƙera ƙananan baburan KTM ɗin. Wato inji ne da aka daɗe ana gwadawa. Birkinsa na ABS ne gaba da baya, wanda ke hana taya ƙullewa in ka take shi da ƙarfi, kuma wallahi da za a sa wa kowane Boxer irin wannan birki da mun fi kowa murna. Kamfanin ya ce yana kai kilomita 154 a awa. Boxer 100 da mafi yawanmu muka ci abinci da shi kimanin doki 8 ne da giya huɗu. Ninki biyar ke nan.

A nan ma samarin sun rabu biyu. Wasu na cewa inji mai fistin ɗaya in ya yi sama yana kakkarwa har hannu ya mutu, wai bai kai baburan Japan masu fistin huɗu ba. Wasu na cewa a kuɗinsa babu na biyunsa. Duk mun ji. Tambayarmu ita ce, wannan doki 40 ɗin a ina za a sake shi? A titin Agege da ƙarfe biyar na yamma? A Ketu? Mutumin da ke wuni a cikin gosulo giya ta ɗaya da ta biyu yake aiki da su, sauran huɗun ado ne. Babban inji a cikin cunkoso zafi yake tarawa, fanka ta riƙa hura wa mai shi wuta a ƙwauri, ga nauyin kilo 174 da za ka riƙa tokarewa da ƙafa tsakanin danfo da tirela. Dokar hanya ta ƙasa ma kilomita 50 ta yanke wa babur a cikin gari.

Sai maganar gyara, wadda duk wanda ya taɓa tura mashin a rana ya san ita ce uwar magana. Boxer in ya yi tari, kowane bakanike a gindin bishiya zai kwance kafireto ya wanke da fetur, ya goge fulogi, ya mayar, kafin ka gama cin ƙosai. Kayansa suna ko'ina, daga Nnewi har ƙauyen da babu wutar lantarki. Wannan kuwa in fitilar gargaɗi ta kama a allonsa, sai an jona masa kwamfuta kafin a san ciwonsa. In famfon mai ya mutu ko ƙwaƙwalwar ta ƙone, ba abin da ake ɗaurewa da roba ba ne. In dutse ya huda lagireto, wanda ke nan gaba daidai bayan taya, tafiya ta ƙare a wurin. Mun tambayi samarin ko dillalin ya nuna musu shago ɗaya da ke da waɗannan kaya a ajiye, sai suka ce ya ce za a iya odarsu. Oda daga Indiya, kana zaune kana jira, iyali na jiran cefane, mai bashi na jiran nasa. Kuma ku tuna irin man da muke sha. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da gurɓataccen fetur ya shigo Legas ya lalata injinan mutane. Kafireto yana haƙuri da abin da injekta ba zai haƙura da shi ba, balle man bumburutu na cikin galan.

Yanzu ga inda aka fi yaudarar ƙannenmu, kuma a nan ne ranmu ya fi ɓaci. An ce musu babur ɗin ya wuce 200cc, saboda haka dokar hana acaɓa ba ta hau kansa ba. Wanda ya faɗa musu haka ko dai bai san tarihin garin nan ba, ko kuma ya sani ya ɓoye don ya sayar da kayansa.

Maganar 200cc tana da asali. A 2012, zamanin Gwamna Fashola, aka yi dokar da ta hana acaɓa bin tituna 475, aka kuma ware baburan da suka kai 200cc, irin na masu kai saƙo. A kan wannan ƙofa ne kamfanoni irin su Gokada da MAX suka shigo da manyan babura, da hular kwano biyu, da riga mai suna, da manhaja a waya, da kuɗin masu zuba jari daga ƙasashen waje. Me ya faru? Ranar 1 ga Fabrairun 2020 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana acaɓa da Keke a manyan sassan gari da gadoji, ba ta kuma ware su ba. Sun yi zanga-zanga, sun yi magiya, a ƙarshe suka koma kai kaya. Kamfanin da ke da lauyoyi da ofis girman injinsa bai cece shi ba, sai kai ɗan Malam da ka sauka a Agege bara?

Bayan kisan wani matashi a Lekki a watan Mayun 2022, aka sake ɗaure igiyar. Daga 1 ga Yuni aka hana acaɓa gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. Daga 1 ga Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Somolu da Mushin. Mile 12 a cikin Kosofe take, Idi-Araba a cikin Mushin. Kuma dokar sufuri ta 2018 da ake aiki da ita mai tuƙi da fasinja duka take kamawa. Kowa ya ga hotunan baburan da aka tara aka murƙushe a farkon Yunin 2022, fiye da dubu biyu, kamar gwangwanin madara. A cikinsu akwai na mutanenmu da ba su gama biyan bashinsu ba, kuma wasu har yau suna biyan kuɗin ƙarfen da ya riga ya narke.

Abin da ya rage ga babban babur shi ne hawan kai, ko kai saƙo ba tare da fasinja ba, da cikakkun takardu. Ranar da ka ɗora mutum a baya ka karɓi kuɗinsa ka zama ɗan acaɓa, ko injinka na jirgin sama ne. Kuma bari mu faɗi abin da kowa ya sani ba a son faɗa. Ɗan wani mai kuɗi in ya fito daga Ikoyi a kan irin wannan babur da rigar fata, ɗaga masa hannu ake yi. Kai in ka fito da silifas da 'yar shara, harshenka ya nuna inda ka fito, tambayar farko ita ce ta ina ka samu. Ba adalci ba ne, kuma ƙungiya ba ta daina faɗar cewa ba adalci ba ne a duk inda aka ba ta dama. Amma mu ne ake bugo wa waya da tsakar dare mu je beli, mun san yadda abin yake a ƙasa. Ƙwace Boxer hasara ce. Ƙwace wannan karyewa ce, har da waɗanda suka tsaya maka.

Ga lissafin kuɗin kuma. An fitar da shi a Indiya a kan rufi 185,000, wato kimanin dala 2,200. In ka buga da dala a kan naira 1,500 ka wuce naira miliyan uku, kuma ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa na kwastan ba, ba a sa ribar dillali ba, ba a yi lamba da inshora ba. Wannan kuɗi ya isa Boxer biyu, ka hau ɗaya ka ba wani ɗaya yana kawo maka balas. Sannan ga cikinsa. Mahayansa a Indiya suna maganar kimanin kilomita 30 a lita, alhali Boxer mai lafiya yana wuce 50 ba tare da wahala ba. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a gidajen man Legas. Zuwa ƙarshen 2024 ta kusa dubu. Tayarsa mai faɗi ce, ba irin wadda ake samu a kowace kwana ba, baƙin mansa ma na musamman ne. Mun ce wa samarin su rubuta mana a takarda abin da za su samu a rana da abin da zai fita, su nuna mana inda biyan bashi zai fito. Har yanzu takardar ba ta zo ba.

Akwai wani lissafin da ba na naira ba. In ka ninka gudu biyu, nisan da kake buƙata kafin ka tsaya ninki huɗu yake zama, ƙarfin karon ma haka. Wanda ya saba da babur ɗin da in ka murɗe shi gaba ɗaya da ƙyar yake kai 90, hannunsa ya saba murɗewa har ƙarshe. Wannan hannun ne zai kama totur mai doki 40. Tun Janairun 2009 aka wajabta hular kwano a ƙasar nan, amma ku je bakin tasha ku ƙirga masu ita, ku ƙirga waɗanda suka ɗaure igiyarta. Baturen da kuke gani a bidiyo yana kwantar da babur a kwana, kayan jikinsa kaɗai sun kai kuɗin wani mashin ɗin, kuma a filin tsere yake, babu rami, babu akuya, babu danfo da zai tsaya ba sigina. Littafin gudummawar ƙungiya yana hannunmu. Shafukan da suka fi cika su ne na karo-karon asibitin ƙashi na Igbobi da na masu ɗori. Kuma babu aikin da ya fi mana nauyi a wannan kujera irin ɗaukar waya a kira wani tsoho a ƙauye a fara da cewa, Baba, sai haƙuri.

To amma iyayenmu dattawa, ku ma muna da magana da ku, cikin ladabi. Wasunku sun ce wannan babur na 'yan iska ne, wai duk yaron da ya so shi ya lalace. Wannan ba daidai ba ne, kuma irin wannan furuci ne ke sa yaro ya daina kawo shawararsa gida ya kai wa dillali. Mu jikokin mahaya ne. Wanda ya tashi yana kallon hawan sallah da sukuwa ba za a ce masa kada ya so abin hawa mai kyau da gudu ba. Waɗanda ke faɗan nan, a zamaninsu su ne suka yi yayin Vespa da Honda Benly, mu kuma muka yi na Jincheng roba-roba har da sa masa tuta da ƙahon mota. Lokacin da Bajaj ya fara shigowa ma ai an kushe shi, an ce ba shi da kyan gani, an ce jakin Indiya ne. Yaron da ya san bambancin injekta da kafireto, ya san asalin inji har zuwa KTM, yana da kai. Irinsa ne ya kamata mu tura koyon gyaran baburan zamani, don ko mun so ko mun ƙi kafireto na kan hanyar tafiya, kuma bakaniken da ya iya karanta ƙwaƙwalwar inji ba zai rasa abinci a Legas ba.

Haka kuma wanda Allah ya hore wa, yana da shagonsa ko rumfarsa, ya tara kuɗinsa na kansa ya ce zai sayi Pulsar don hawan kansa, babu ruwan ƙungiya da aljihunsa. Za mu ce masa Allah ya sa alheri, ya sayi hula ta gaske da takalmi, ya yi takardu, ya koyi babur ɗin a hankali. Abin da muka ƙi shi ne a ɗauki kuɗin adashi a zuba a ciki. Kuɗin nan na mai wankin takalmi ne da mai tura ruwa da mai gadi, da matar da mijinta ya rasu take sayar da fura, waɗanda ke kawo ɗari biyar ɗari biyar. Sharaɗin asusun tun farko shi ne a ba da bashi ga abin da zai iya biyan kansa. Babur ɗin da ba ya ɗaukar fasinja bisa doka, ba ya ɗaukar kaya bisa ƙira, kuma yana shan mai kusan ninki biyu, ba mu ga ta inda zai biya kansa ba.

Ɗaya daga cikin samarin ya ce aikin kai saƙo zai yi da shi. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo, kuma mun tsaya a kanta sosai. Aikin kai saƙo sana'a ce ta gaske, kuma ita ce ƙofar da doka ta bari a buɗe. Amma mai karɓar saƙo a Yaba ba ya ƙara maka ko sisi don ka zo da doki 40. Kuɗin kai kaya ɗaya ne ko da me ka zo, ribar tana cikin abin da ka rage a mai da gyara. Babur mai 200cc na aiki, mai wurin ɗaura akwati, wanda kayansa ke kasuwa, shi ne na wannan sana'a, kuma shi kwamiti ya ce zai duba.

Saboda haka tayin da muka yi wa ƙannenmu uku yana nan, kuma ya shafi duk wani ɗan ƙungiya. Wanda ke son shiga aikin kai saƙo ya zo da lasisinsa na tuƙin babur, da shaidar wurin da zai yi wa aiki, da mutum biyu da suka san shi, da lissafin shiga da fita na wata ɗaya a rubuce. Wanda ke son koyon gyaran injekta, ƙungiya za ta ɗauki rabin kuɗin koyo in ya samo wurin da aka yarda da shi. Dillalin kuma muna gayyatarsa ya zo da kansa, ya zo da takardar dokar da ya ce ta halatta ɗaukar fasinja a kan 373cc, a karanta a gaban kowa, a fassara da Hausa.

Za a zauna ranar Lahadi bayan sallar La'asar a inda aka saba. Masu cewa hassada ce su ma su zo, za a ba su lokaci daidai da na kwamiti.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti.